Sawun Raguna Huɗu a Nukkai

Ranar Litinin da sassafe Hadijatu, matar marigayi Abbo, ta shiga garke da ƙwaryar dusa, ta tarar da ragunanta uku a miƙe sun mutu, na huɗu yana shure-shure. Kafin a nemo wuƙa shi ma ya cika. Wata tara tana kiwonsu, saura mako uku babbar Sallah. Ba ta yi ihu ba, don ba haka aka rene ta ba. Wata maƙwabciya ce ta leƙo ta katanga ta yi ihun a madadinta, kuma kafin hantsi duk Nukkai ta ji cewa an ba dabbobin guba.

Babu wanda ya ga an ba da gubar, amma hakan bai hana kowa sanin wanda ya bayar ba. Malam Simeon, tsohon malamin firamare mai cin fansho, katangarsa ɗaya da ta Hadijatu, kuma yana da lambu a bayan gida, kuɓewa da masara da tattasai. Ragunan sun sha shiga su yi ɓarna. Mako biyu da suka wuce ya koro su da sanda, ya faɗa a gaban masu shayi cewa ran da suka ƙara shiga ba za su fita da ƙafarsu ba. Maganar fushi ce irin wadda kowa ke yi ya manta. Sai dai Simeon Mumuye ne, coci yake zuwa, ragunan kuma na Bafulatana ne, kuma a jihar nan an ga ƙauyukan da suka ƙone a kan abin da bai kai rago huɗu ba.

Ukasha, ɗan ƙanen mijin Hadijatu, shi ya ja matasa suka tsallaka lambun da sanduna. Suka tattake shi tas, suka fito da wata kwalbar maganin feshi suna ɗagawa sama. Lucy, matar Simeon, ta tare keke da zane ɗaya a jikinta ta gudu wurin yayarta a Mayo Gwoi. Da ƙyar mai unguwa, Jauro Hayatu, ya tsaya a ƙofar gidan Simeon ya hana a shiga. Abin da aka rabu a kai shi ne: a jira la'asar. In ta tabbata Simeon ne, ya bar unguwar a yau, ya bar gidan da ya gina da hannunsa shekara goma sha tara da suka wuce.

Sannan Jauro ya aiki yaronsa Turaki ya kira Yuguda.

*

Yuguda yayan Hadijatu ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya haura sittin. Ƙuruciyarsa duk a daji ta ƙare, wajen bin sawun shanun sata, kuma ba a taɓa jin ya nuna gidan da ba nan saniya ta shiga ba. Yanzu igiya da kanwa yake sayarwa. Da matasa suka gan shi ya sauko daga keke da 'yar sandarsa, sai suka yi murna, don a ganinsu ɗan gida ya zo ya sa hannu a hukuncin da suka riga suka yanke.

"Jauro, bai kamata ka kira ni ba," in ji Yuguda bayan sun gaisa. "Ƙanwata ce aka yi wa asara."

"Shi ya sa na kira ka. In baƙo ya ce ba Ticha ba ne, za su ce an saye shi. In kai ka ce shi ne, shi ma ba zai ce ƙarya ka yi ba."

"In kuma abin da na gano bai yi wa kowa daɗi ba?"

"Ba daɗi na aika a kawo mini ba."

*

A garke ya durƙusa ya duba bakin kowane rago, ya taɓa ciki, ya duba ƙasan da suka kwanta. Hadijatu tana tsaye daga gefe, mayafi ya rufe rabin fuskarta.

"Yaushe suka fara?"

"Asabar, Hamma. Na sake su bayan azahar, kamar kullum. Da yamma suka dawo suna tangaɗi kamar mashaya. Suka yi ta shan ruwa. Jiya suka ɗan miƙe, har na ce sauƙi ne, sai dai sun ƙi dusa."

"Yawu fa? Rawar jiki? Zawo?"

"Babu. Ko fitsari ba su yi ba jiya."

Yuguda ya miƙe tsaye. Ya ga dabbar da ta ci maganin feshi fiye da sau ɗaya. Yawu ne ke zuba kamar famfo, jiki yana kyarma, kuma ba ta kai dare. Abin da zai sa rago maye ran Asabar, ya bar shi ya miƙe ran Lahadi, ya kashe shi ran Litinin, wannan bai san shi ba.

Suna nan sai ga Sirajuddeen, ɗan farin Hadijatu, da kayan ofis a jikinsa. Ma'aikaci ne a sakateriya, shekararsa talatin da huɗu, yana zaune a sashen gaba na gidan. Ya durƙusa ya gaida kawunsa.

"Kawu, a bi a hankali dai. Kar a zalunci kowa."

"Ba ka je aiki ba?"

"Na ɗauki izini."

Motarsa tana ƙofar gida, kuma duk Jalingo babu irinta. Ja ce, ƙofa biyu, kujera biyu, cikinta kusan a ƙasa. Tsohuwa ce da ta gama aiki a Turai aka kawo ta, shi kuma ya gan ta a waya, ya tafi har Legas ya tuƙo ta. Uwarsa ta aika masa ta bakin Ukasha cewa motar da ba za ta ɗauki buhun dusa ba me za a yi da ita. Bai ji ba. A ita yake zuwa aiki kullum, yana bin ramukan Nukkai a karkace, salansar hayaƙinta tana gurzar ƙasa, 'yan unguwa suna cewa ga Kada nan ya fito shan iska. Tun da ya saye ta bai bari wani bakanike ya taɓa ta ba. Ya sayi akwatin sifana, yana kallon bidiyo a waya yana gyarawa da kansa duk Asabar. Gyaran abinka da hannunka ba laifi ba ne. Amma akwai masu yin sa don su koya, akwai masu yin sa don kada a ce an faɗa musu ba su ji ba.

*

Simeon yana zaune a kan bulo a tsakiyar lambunsa, yana kallon masarar da aka karya. Siriri ne, furfura ta cinye kansa, tabaronsa ɗaure da zare. Bai tashi ba.

"Malam Yuguda, ka zo ka gama aikin da suka fara?"

"Na zo in duba ƙasa, Ticha. Ka faɗi maganar da aka ce ka faɗa?"

"Na faɗa. Bakina ne, ba zan musa ba. Na kuma taɓa gaya wa 'yan aji biyar zan cire musu kunne. Je ka duba, duk da kunnensu suke yawo. Ukasha yana cikinsu."

Yuguda ya sa aka kawo kwalbar da matasa suka ɗauka. Ya juya ta a hannu, ya kira Ukasha.

"Mene ne wannan a wuyanta?"

"Ƙasa ce, Baba."

"Gidan zanzaro ne. Ya kama murfi ya kama kwalba, kuma bai tsage ba. Ta ina aka zuba maganin, ta gindi?"

Ukasha ya sosa ƙeya. "Wataƙila yana da wata."

"Wataƙila. Wataƙila kai ma kana da ita."

A cikin lambun babu abin karantawa, ƙafafun matasa sun shafe komai. Amma a waje, a lungun da ya bi bayan gidajen, ƙasa ta riƙe labarinta. An yi ruwa ran Juma'a da dare, ran Asabar ƙasa tana da taushi, tun daga nan kuma rana ta gasa ta. Ga sawun raguna huɗu sun fito daga ƙofar baya ta Hadijatu, sun zo kafar da suka saba shiga lambun. Simeon ya toshe ta da tsohon kwano da ƙaya. Sun tsaya, ɗaya ya tunkuyi kwanon, suka juya.

"Ba su shiga ba," in ji Yuguda.

"To ai yana iya jefo musu ta sama," in ji Ukasha.

Wani daga cikin matasan kuma ya raɗa masa cewa a duba Jabir mahauci, don ya taya ragunan sau biyu Hadijatu ta ƙi. Yuguda ya aika aka kira shi. Jabir ya zo da wuƙa a ƙugu yana huci.

"Ni? In kashe abin da nake so in saya? Mushe zan rataya wa mutane? Tun Juma'a ina Zing wajen awaki, jiya da yamma na dawo, a tambayi direba!"

Aka tambaya, haka ne. Yuguda ya sallame shi, ya ce wa matasan su koma gindin mai shayi, don sawu ba ya son rakiya.

*

Shi kaɗai ya bi lungun, yana tafiya a gefe don kada ya taka. Daga kafar lambun ragunan sun yi ta kiwo a hankali, nan su ciji ciyawa, can su tsaya. Sai a kwanar katanga tafiyar ta canza. Takun ya buɗe, kofato ya nutse. Gudu suka yi, su huɗu, kai tsaye zuwa gindin wani mangwaro da ke bayan sashen gaba na gidan Hadijatu.

A nan suka yi da'ira, kawuna a ciki, ƙafafun gaba sun nutse fiye da na baya. Haka dabba ke tsayawa in tana shan ruwa. A tsakiyar da'irar akwai zoben gindin wani mazubi mai faɗi. Yuguda ya auna shi da sandarsa, ya yi alama da farce.

Abin da ya dame shi gudun ne. Rago dabba ce mai tsoro. In ya ga baƙon mazubi sai ya tsaya, ya shinshina, ya ja da baya, ya dawo. Waɗannan ba su yi ko ɗaya ba.

Ya durƙusa. A gefen zoben, inda wani abu ya fantsama ya bushe, kiyashi ne baƙi ƙirin, layi-layi, kwana biyu bayan abin. Ya dangwali ƙasar da yatsa ya taɓa a harshe. Zaƙi. Ya tofar, ya goge bakinsa da hannun riga.

Taku biyu daga nan akwai sawun taya, faffaɗa, wadda faɗinta ya kusa tafin hannu biyu. A gabanta alamar katako biyu da aka jingina a kan bulo aka hau da mota. Mota ɗaya ce a unguwar take da irin wannan taya, kuma ita kaɗai ce sai an hau da ita kan katako kafin mutum ya iya zura hannu a ƙarƙashinta.

Ya daɗe a durƙushe, ba don yana neman wani abu ba. Ya yanko ɓangaren ƙasar da kiyashinta ya naɗe a ganyen mangwaro.

*

Ya koma garke. Bahon shan ragunan yana nan, na ƙarfe, mai faɗi, marar zurfi. Ya kifa shi ya ɗora sanda a gindinsa. Daidai alamar farcen. Ya juya shi ya duba ciki. Bahon dabbobi a damina ba ya rasa gansakuka, amma wannan an dirje shi da soso har yana ƙyalli.

"Ke kika wanke?"

"A'a."

"Ya fita daga garken nan ran Asabar?"

Hadijatu ta gyara mayafi. "An ara da hantsi. Da yamma na gan shi a wurinsa, a wanke. Na ɗauka wanki aka yi."

"Wa ya ara?"

Ta kalli katanga.

"Hadijatu, wa ya ara?"

"An dai ara, Hamma."

Bai ƙara tambaya ba. Da Ukasha ne da ta faɗa, da maƙwabta ne da ta faɗa har da sunan uwarsu. Mutum ɗaya ne a duniya ba ta kama sunansa, ba ta zama su yi hira, ba ta tambayarsa ina ka kai kaza, tun ran da ta haife shi. Kunyar ɗan fari ce, kuma Yuguda ya san ta, don uwarsu haka ta yi masa har ta mutu. Al'ada ce mai kyau a wurinta. Amma ga shi ta sa uwa da ɗa suna gida ɗaya, dabbobi suna mutuwa tsakaninsu kwana biyu, babu wanda ya tambayi wani.

*

Mota ba saninsa ba ce, don haka ya hau keke zuwa garejin Tobiya, Bajukune, wanda ya fi kowa daɗewa a gyaran motocin sakateriya. Ya same shi a ƙarƙashin wata akori-kura.

"Akwai ruwa mai zaƙi a jikin mota?"

Tobiya ya fito yana goge hannu. "Akwai, Baba. Ruwan lagireto, kore ko ja. Motan Turai da shi suke zuwa. Zaƙi kamar rake, amma guba ne. Karenmu na gareji ya taɓa lasa, ya yi maye, ya warke, kwana biyu ya mutu. Kai ne na biyu da ya tambaye ni a satin nan."

"Wa ne na farko?"

"Oga Siraj mai Kada." Ya yi dariya. "Wannan mutum! Kafin ya saya ya nuna mini hoto. Na ce Oga, ka auna tsayinta daga ƙasa, ka je ka auna ramin ƙofar gidanka. Na ce kayanta babu a Jalingo, ko kusa ɗaya sai Legas. In kana son na zuwa aiki kullum, sayi wanda kowane gareji ya san cikinsa. Ya ce mu ne muke kashe mota. To ran Asabar sai ga shi a keke, tiyon lagireto ya tsage, ya zo neman maɗauri. Na ce ina ruwan ciki? Ya ce ya tara a baho zai mayar, don ba a samun irinsa a nan. Awa biyu muna yawo kafin mu samu."

"Sai kuma?"

"Da yamma ya bugo, wai ruwan ya zube, ko na famfo zai yi. Na ce zai yi na ɗan lokaci. Jiya da na fito daga coci ya sake bugowa, wai in dabba ya sha ruwan nan me zai faru. Na ce Oga, a nemo likitan dabbobi yanzu-yanzu. Ya ce tambaya ce kawai. Lafiya dai?"

Yuguda ya gaya masa abin da ake shirin yi wa Simeon. Dariyar ta bar fuskar Tobiya. Ya jefa sifana a akwati ya ce wa mai gadi ya kula da wurin.

*

Bayan azahar Yuguda ya sa aka kira masa Sirajuddeen gindin mangwaro. Ya nuna masa zoben da sanda. Sirajuddeen ya dubi ƙasa.

"Bokiti ba ya shiga ƙarƙashinta, Kawu. Bahon ne kawai ya shiga. Na ce minti ashirin zan yi in dawo."

"Wannan na gane. Kuskure ne, kowa yana yi. Jiya fa, da aka ce ka nemo likita?"

"Sun miƙe jiya. Na ce sun warke."

"Yau da safe fa, da aka shiga lambun mutumin da ya koya maka karatu?"

Sai Sirajuddeen ya ce, "Kawu, ka rufa mini asiri. Ka ce ciwo ne ya kama su. Ka ce ba guba ba ce. Kowa zai yarda da kai, Ticha ya tsira, ni ma na tsira. Wata shida ana yi mini dariya a kan motar nan. In aka ji ita ta kashe wa Dada, uwata, raguna, ina zan sa kaina?"

Yuguda ya ji maganar har cikin ransa, don shi ya yi wa yaron nan huɗuba a kunne ran da aka haife shi. Kuma dabarar za ta iya yin aiki, a yau. Amma ya san unguwa. Za a bar Simeon ya kwana a gidansa, sannan a yi ta cewa tsohon ya rufa masa ne don zaman lafiya. Duk akuyar da ta mutu nan da shekara goma, ƙofarsa za a kalla.

"In an idar da la'asar, ka riga ni magana," in ji shi. "Abin da zan iya yi maka ke nan."

*

Aka taru a rumfar ƙofar gidan Jauro. Dattawa a tabarma, matasa a tsaye, mata a cikin zaure bayan labule. Simeon yana kan benci shi kaɗai. Jabir ya zo ba a kira shi ba, Tobiya yana gefe da kayan aikinsa. Sirajuddeen ya zauna can baya.

Yuguda ya ajiye bahon a tsakiya, ya jira. Ya dubi ɗan ƙanwarsa. Sirajuddeen yana latsa waya.

Sai Yuguda ya fara. Ya nuna kwalbar da gidan zanzaronta. Ya faɗi inda ragunan suka juya, da inda suka yi gudu, da dalilin gudun: bahonsu suka gani, wanda suke sha a ciki tun suna 'yan watanni. Ya buɗe ganyen mangwaro, kiyashi suka watsu a tabarma. Tobiya ya faɗi abin da ya sani game da ruwan, da zuwan ran Asabar, da wayar ran Lahadi.

Jauro ya ce, "Sirajuddeen, ka ji."

Ya tashi. "Jauro, na yi gyara a wurin, ban musa ba. Amma lungu ne, kowa yana bi. Awa biyu ba na nan. Wa ya san abin da wani ya zo ya zuba a bahon?"

Matasa suka fara gunaguni, wasu suka sake juyawa wajen benci. Yuguda ya ji abin yana kuɓuce masa. Sawu yana nuna inda aka tsaya, ba ya hana mutum ƙarya.

Daga bayan labule murya ta fito, ba da ƙarfi ba.

"Sirajuddeen."

Duk wanda ya san gidan Abbo ya ɗago kai. Shekara talatin da huɗu ba a taɓa jin wannan suna a bakin wannan mata ba.

"Sirajuddeen, ragunan nawa ne, na yafe. Mutumin nan ba nawa ba ne da zan yafe maka shi. Ka faɗi abin da ka gani da ka dawo."

Sirajuddeen ya zauna a ƙasa. "Na tarar da su a kai," in ji shi. "Sun kusa shanyewa. Na kore su, na zubar da sauran, na wanke bahon. Babu wanda ya zo. Ni ne."

Ukasha ne ya fara magana. "To ai shi ke nan, kuskure ne. Ƙaddara ce. A rufe maganar."

Dattawa da yawa suka gyaɗa kai. Da safe sunan abin guba, hukuncinsa kora. Da la'asar, da ya zama na ɗan gida, sunansa ƙaddara, kuma bakunan da suka faɗi na farko su suka faɗi na biyu, ko kunya babu.

Jauro ya ce ba za a rufe ba. Ya ce duk wanda ya sa ƙafa a lambun zai zo gobe da fartanya, Sirajuddeen kuma ya je Mayo Gwoi da dattawa biyu su ba Lucy haƙuri. Sannan ya juya ga Simeon.

"Ticha, gidanka gidanka ne. Ba mai taɓa ka. Ka yi haƙuri."

Simeon ya cire tabaronsa ya goge, ya mayar. Ya tashi a hankali.

"Siraj na yafe masa. Tsoro ya ji, na san shi tun yana aji ɗaya, haka yake. Amma ina da tambaya, Jauro. Da ba a yi ruwa ran Juma'a ba fa? Da lungun siminti ne? Da Malam Yuguda yana kwance ba lafiya?" Ya dubi matasan ɗaya bayan ɗaya, yawancinsu ya koya musu rubuta sunansu. "Yanzu da ina ina?"

Ya sa takalmansa ya tafi gida.

*

Washegari da hantsi Yuguda ya biyo ta Nukkai. Matasa bakwai suna tsaye a bakin lambun da fartanyu, ƙofar a kulle ta ciki. Simeon yana ciki shi kaɗai yana tsince karyayyen kara. Da ya ga Yuguda ta saman shinge sai ya zo ya buɗe masa, ya sake kullewa.

"An je wurin Madam?"

"An je. Ta karɓe su, ta ba su ruwa. Ta ce tana nan wurin yayarta tukuna."

"Har yaushe?"

"Ba ta faɗa ba. Ta ce ita ta ga fuskokinsu da suka shigo, ni ina banɗaki ban gani ba." Ya miƙa wa Yuguda wata tsohuwar fartanya. "Ni ina nan. Ina zan je da tsufa? Amma waɗancan su koma. Ba na son su a cikin gidana, ko da fartanya."

Yuguda ya so ya ce masa a yi haƙuri, yara ne, abin ya wuce. Ya duba maganar ya ga babu gaskiya a cikinta ko ɗaya, sai ya haɗiye ta. Ya naɗe hannun riga, ya kama kunya ta farko daga gefen katangar ƙanwarsa, suka yi ta aiki su biyu har rana ta take, matasan suna waje suna jira a buɗe musu.